An ɗora mini rejisar, saura kwana 19

Rabi
Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma na fi son ta bakin wanda ya taɓa ƙonewa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta yi teyatur ran Asabar ta ƙarshen wata, saura kwana 19, ni aka ɗora wa rejisar, wato kula da duk abin da ke bayan dandali. Ba wai na iya ba ne. Ranar rabon rol cunkoso ya riƙe ni a gadar Kennedy nan Yamai, kafin in iso an rabe komai, sai mai tsara wasan ya dube ni ya ce, "Rabi, ke da kike da rubutu mai kyau, riƙe mana littafi." Na zaci sunayen waɗanda suka zo gwaji zan riƙa rubutawa. Ashe fitila tawa ce, kiɗa nawa ne, tabarma da buta da sandar tsoho duk a wuyana suke, har wanda bai ci abinci ba ni yake harara.

Makon jiya mun ɗan gwada wasan gaban mutane a wani zauren unguwa. Na rubuta kondwit ɗina tsaf, wato littafin da ke nuna lokacin sauya fitila da kiɗa: in Alhajin wasa ya ce "tattara kayanki ki tafi gidanku", sai in ce top, a kashe fitila, a sa kiɗa. Mai yin Alhajin yayanmu ne, yana mastar, ya girme ni da shekara bakwai, kuma gaskiya shi mutane ke zuwa kallo. Da ya ji ana dariya sai ya saki maganar, ya shiga lissafa wa matar kuɗin cefanen da ya kashe tun ranar ɗaurin aure. Minti huɗu cur. Yaron da ke kan fitila yana ta zungurina, "Yanzu? Yanzu?" Can na ji wani abu mai kama da "kayanki", na ce top, aka kashe. Ashe bai gama ba. Ya ci gaba da faɗa cikin duhu, jama'a na ta shewa. Da aka tashi ya ce na kunyata shi gaban ƙannensa. Ban da wannan, ralonj ɗinmu, wayar da muka jawo wuta da ita, ya yi ta warin roba har aka gama, kuma ina da jarrabawa ran Alhamis, kwana biyu kafin wasan. Ta ina zan fara?

Sani mai lantarki
Ƙanwata, ajiye maganar Alhaji tukuna. Fitila nawa kuka jona wa ralonj ɗin, kuma wace iri?

Rabi
Huɗu yaya, manyan nan baƙaƙe masu zafi da aka aro mana. Duk a ralonj ɗaya, irin mai naɗewa a jikin taya.

Sani mai lantarki
Kun warware shi duka ko kun bar shi a naɗe?

Rabi
Priz ɗin na kusa, mun ɗan jawo kaɗan ne kawai.

Sani mai lantarki
Inna lillahi. Ku yi sadaka, Allah ya tsare ku. Waɗannan fitilun PAR 64 ne, galibinsu kowace ɗaya wat 1000 take ci. Wutar lantarkinmu volt 220 ce. Raba 1000 gida 220, kowace fitila tana jan amper 4 da rabi, huɗu sun zama 18. Priz ɗin gida da ralonj na kirki iyakarsu amper 16, wato wajen wat 3500, shi ma in wayar mai kauri ce, ba irin siririyar nan da ake tallarta a bakin titi ba. Sannan waya in tana naɗe zafinta ba ya fita, taruwa yake yi a ciki har robar ta narke. Ki duba jikin tayar, za ki ga lamba biyu, ɗaya ta in yana naɗe, ɗaya ta in an warware. Ta naɗen ba ta cika wuce wat 1000 ba. Wato fitila ɗaya tak ya kamata ya ɗauka a yadda kuka bar shi, kuka ɗora masa huɗu.

Abin da za ki yi: kwana biyu ko uku kafin wasa ki je wurin da rana, ki nemi mai gadi ya nuna miki akwatin dijonktar, wato maɓallan da ke yanke wutar kowane layi. Ki kashe su ɗaya bayan ɗaya, kina gwada priz da cajar waya, ki rubuta wane priz ne ke kan wane layi. Fitila biyu a layi ɗaya, kada su wuce. Kayan sauti su sami nasu layin daban, in ba haka ba baf, wato lasifikoki, za su yi ta gurnani duk lokacin da aka taɓa fitila. Ampli, na'urar ƙara sauti, shi ake kunnawa ƙarshe, shi ake fara kashewa. Kwan fitilar kuma ba a taɓa shi da hannu tsirara, maiƙon yatsa na kashe shi, a kama da tsumma. In kin samu masu LED ki karɓa da hannu biyu, goma daga cikinsu ba su cika cin abin da biyu na tsofaffin ke ci ba.

Mubarak
Sani ya gama da wuta. Maganar Alhaji kuma, Rabi, laifin ba naki ba ne, na mai tsara wasanku ne. Wasan da ba a tsayar da maganganunsa ba, ba a yi masa kondwit. A ƙa'ida ana rufe rubutu kafin filaj na farko, wato gwajin da ake yi daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Daga janaral, gwajin ƙarshe da kaya da fitila da komai, wasan ya bar hannun mai tsarawa ya koma hannun rejisar. Shi mai tsarawa sai ya je ya zauna cikin ƴan kallo ya yi shiru. Ɗan wasan da ya ƙara minti huɗu a kansa ba gwaninta ya yi ba, sata ya yi, ya saci lokacin sauran. Ku zaunar da shi ya haddace rubutunsa. Muna da misali a garin nan: marigayi Alfred Dogbe da ƙungiyarsa Arène Théâtre da bikin Émergences, rubutu suke bi, shi ya sa wasanninsu ke iya fita waje a yi su yadda aka yi su a Yamai. In muna son a ɗauke mu da daraja, mu daina "a dai hau a yi".

Hamani
Mubarak ya zo da karatun Faransa. Wa zai gaya wa ɗan mastar ya yi hadda? Rabi ƴar shekara ta biyu?

Malam Idi
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini wannan, shi ke rubuta mini, in kun ga kuskure nasa ne.

Mubarak ɗana, "a dai hau a yi" ɗin nan ka faɗe shi da ɗan sauƙi. Ni na yi teyatur tun zamanin samariya, lokacin Kunce, sa'ad da ake bikin matasa na ƙasa kowace jiha ta kawo ƙungiyarta. Su Yazi Dogo, malamin makaranta ne ɗan Dogon Dutsi, da ƙungiyarsa suka cika rediyo da talabijin na ƙasar nan daga Damagaram, ba haddar takarda suke yi ba. Amma kada ka zaci ba tsari. Zama ake yi a tsara labari, a yanka shi tablo-tablo, wato kashi-kashi, a san me kowane tablo zai kawo, wa zai shiga, wa zai fita. A maimaita har maganar ta zauna a baki. Abin da ke tsakiya na ɗan wasa ne, ya yi kiwo yadda ya ga dama. Ƙofar shiga da ƙofar fita kuwa ba nasa ba ne.

Ni ban cika hawa ba, muryata ba ta da kauri. Bayan labule nake tsayawa, aikin da ɗiyata Rabi ke yi yanzu, sai dai mu ba mu san sunansa rejisar ba. Ga abin da na koya. Kada ki rataya top ɗinki a bakin ɗan wasa, ki rataya shi a hannunsa. Baki yawo yake yi, yau ya ce "tattara kayanki", gobe ya ce "kwashe tsummokaranki". Amma in kun yi da shi cewa in ya gama zai cire hula ya buga ta a gwiwa, to ko da Zabarmanci ya ƙare faɗan, ke hula kike jira. Kowane tablo ki nemi abu ɗaya da ido ke gani daga nesa: a aje buta, a naɗe tabarma, a jefar da sanda.

Sai na biyu. Muna da wani, Allah ya jiƙansa, in ya ji tafi sai ya manta da gida. Sai muka yi masa yaro. Yaron na zaune kusa da ni da kayan wasansa, in na ga abin ya yi tsawo sai in taɓa kafaɗarsa, ya ruga ya ce, "Baba, ana sallama da kai a waje." Dole ya fita, don jama'a sun ji. Ba wanda ya taɓa gane ba cikin labarin yake ba.

Rabi
Baba Idi, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan yaron yau zan nemo shi.

Mubarak
Baba, da girmamawa, ban raina su Yazi Dogo ba, da su muka tashi. Amma dabarar hula tana yi ne in top ɗinka biyar ne ko shida. Wasan da ke da sauyin fitila arba'in, da sauti da ke faɗowa a tsakiyar jimla, hula nawa mutum zai cire? Kuma na rediyo da talabijin ana yanke abin da ya yi yawa kafin a watsa. A dandali babu almakashi.

Malam Idi
Ɗiyata, top nawa ne a littafinki?

Rabi
Na ƙirga, 14 ne Baba. Tara na fitila, biyar na kiɗa.

Malam Idi
To Mubarak, fitila huɗu na aro da top 14. Ranar da ta samu arba'in sai ta zo wurinka. Kuma mu ma a gaban alƙalai muke yi, da lokacin da aka yanka mana, ba almakashin da ke cetonmu.

Mubarak
Na karɓa a wannan wasan. Amma ina nan a kan bakana: ko ba a rubuta maganar ba, a rubuta littafin. Rabi, ki raba shafi gida uku. Gefe ɗaya lambar top, tsakiya abin da za ki gani, ɗaya gefen abin da zai faru. Ki rubuta da fensir don zai canza sau goma. Kuma ba a cewa top kai tsaye. Kamar rabin minti kafin nan ki ce "fitila 6, shirya", ya ɗora hannu, sannan ki ce "fitila 6, top". Kalmar top ita ce ta ƙarshe kullum, a kanta hannu ke motsi. Yaron da ke zungurinki yana tambayar "yanzu?" don ba ki ba shi shiri ba ne, yana zaune cikin fargaba tun farkon tablo.

Tanti Hadiza
Ku maza kun yi ta wuta da takarda, ba wanda ya taɓa ainihin ciwon. Yarinyar nan an ba ta aiki ba a ba ta baki ba. Na yi shekaru ina hawa dandali, bari in gaya muku yadda ɗan wasa ke ji. In kana sama fitila na dukan idonka, ba ka ganin kowa, dariyar nan kawai kake ji, kuma tana da daɗi kamar fura da nono a watan Afrilu. Minti huɗu a wurinsa kamar ƙiftawar ido ne. Ba da gangan ya yi ba, kuma duhun da aka yi masa ya ji shi kamar mari.

Rabi ɗiyata, kada ki gyara masa gaban yara, ko da ke ce da gaskiya. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce, "Yaya, ranar nan na yanke ka ba daidai ba, ba na son a sake. Wace alama za ka ba ni in ka gama?" Shi ya zaɓi alamar da kansa. Abin da mutum ya zaɓa da bakinsa yana jin kunyar saɓa shi. Sannan mai tsara wasanku ya tara kowa, ya faɗa da bakinsa a gabansu cewa daga ranar janaral maganar Rabi maganarsa ce. In bai yarda ya faɗi wannan ba, ki miƙa masa littafinsa tun yanzu.

Wani abu kuma da na gani sau da yawa: in rejisar mace ce, a hankali sai ta koma kuku da mai wanki. "Rabi ina ruwa?" "Rabi maɓallin rigata ya cire." Ki naɗa mutum ɗaya na ruwa da abinci, ɗaya na tufafi, tun gobe. Ke agogo da littafi ne naki.

Kayan hannu kuma ki sami tebur a kulis, wato bayan labule, ki shimfiɗa kwali, ki zana siffar kowane abu da alƙalami mai kauri ki rubuta sunansa. In wuri ya zama fayau kin san abin da ya ɓace tun kafin a nema. Kuma ki ji wannan da kyau: butar wasa ki ɓoye ta. Da an kira magariba wani zai ɗauka ya yi alwala ya bar ta a bakin famfo. Ni an taɓa turo ni dandali in zuba wa miji ruwa da hannu wofi.

Hamani
Tanti, wanda ya ɗauki butar nan Bagobiri ne, ko ba a faɗa ba na sani.

Na-Tsibiri
Bazabarme, kai da aka ce ka shiga ta kur ka shiga ta jardan ka ci karo da amarya? Yi shiru manya na magana.

Rabi
Yawwa, kun tuna mini. Kur da jardan ɗin nan kullum sai sun rikita mu.

Mubarak
In kina zaune cikin ƴan kallo kina fuskantar dandali, jardan na hagunki, kur na damanki. Sunan daga wani gidan wasa ne na fadar Tuileries a Paris, tun ƙarni na 18, gefe ɗaya yana kallon lambu (jardan), ɗayan yana kallon farfajiya (kur). Amfaninsa shi ne ba ya canzawa ko ina mutum ya juya, ba kamar hagu da dama ba.

Ɗan Adar
To in don kada shi canza ne, mi ya kai mu lambun Paris? Mu nan Tawa gabas da yamma muka cewa, ko gusum da arewa, duk yaron da ya san alƙibla ba ya ɓata. Wani lokaci ma "wajen masallaci" da "wajen ƙofa". Ku koyi na Turawan don ranar da kunka shiga babban gida, amma ranar wasa a yi da abin da kunne ya saba.

Kamarad Rabi, ba ki faɗi ba, cikin ɗaki za ku yi ko a fili?

Rabi
A fili ne kamarad, farfajiya ce mai dakalin siminti.

Ɗan Adar
To nan fagenmu ne. Muna da gidan matasa da al'adu, MJC Albarka Tchibaou, a gari, amma mu ɗalibai mafi yawa a filin makaranta muka yi. Ku ma can Yamai ai babban dandalin CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, sararin Allah ne rufinsa. Abu na farko, a fili ba ki iya saita fitila sai rana ta faɗi. Da rana duk abin da kika haska ba ki ganinsa. Tsakanin magariba da isha'i kuwa ɗan lokaci ne, rabin mutanenki na masallaci. Don haka saitin fitila daren jajibiri aka yin shi, ki sa mutum ya tsaya a kowane wuri, ki yi wa wurin alama. Kada ki wahal da kanki da sikoc, wato tef mai mannewa, ba ya kama siminti mai ƙura. Alli ko ɗan fenti.

Lokacin farawa ki tambayi ladanin masallacin da ke kusa ƙarfe nawa yake kiran isha'i, ki sa wasa bayan an sallame. Mun taɓa farawa da wuri don wai manyan baƙi na sauri, muna tsakiyar tablon kuka lasifika ta ɗauka, dole munka tsaya cik, matar da ke kuka ta zauna tana jira. Da anka gama ta rasa ta inda za ta kama kukan.

Sai iska. Zanen da kunka rataya a baya, in iska ta taso jirgin ruwa ne. Ki ɗaure shi sama da ƙasa, ki ɗora bulo ko buhun rairai a ƙafar kowane katako. Fitilar da ke bisa ƙarfe a ɗaure ta da waya ta biyu ko da ta kuɓuce. In kun shiga watan shida kuwa ki riƙa duban gabas, in kin ga jan hadarin nan ya taso, ƙura ke fara isowa kafin ruwa, ki san tun yau wa zai ɗauki ampli, wa zai ɗauki baf, wane ɗaki za a kai su.

Na ƙarshe, in daga waya kuke sa kiɗa, a sa ta a yanayin jirgi. Wasanmu na bara ana tsakiyar jana'iza a dandali sai ga kiran innar mai kiɗan ya fito ta baf, da waƙar da ya sa mata.

Sani mai lantarki
Ɗan Adar ya manta gurup, wato injin wuta. Tun da aka yanke layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya ta Birnin Kebbi a watan Agustan 2023 kowa ya koyi darasi, ko da yake an maido da shi daga baya. Lokacin zafi kuma ko ba rikici wuta na iya tafiya. In za ku yi hayar gurup, ki sani mai kVA 5 abin da yake bayarwa na gaske wajen wat 4000 ne, kuma ba a cika shi maƙil. Fitila biyu da kayan sauti sun ishe shi. Ki zaɓi biyun tun yanzu ki ɗaura musu jan ƙyalle. A aje shi nesa, bayan gini, inda iska ba za ta kawo hayaƙi da ƙara ba, a gwada tayar da shi da la'asar, a duba mai. Kada a zuba masa mai yana aiki.

Kuma ku gwada ɗaukewar wuta kamar yadda kuke gwada tablo. Wata rana ana cikin filaj ki kashe komai ba sanarwa, ki ga me za su yi. A san wa ke riƙe da tocila, ƴan wasa su tsaya inda suke kada su yi ta lalube a bakin dakali.

Zali
Ba wanda ya amsa mata maganar jarrabawa. Ni na yi rejisar shekara biyu a jere, ta biyun sai da na maimaita darasi guda saboda shi, don haka ki ji. Babu malamin da zai ƙara miki maki don kin riƙe littafin teyatur. Ki faɗa musu yau, ba ranar ba, cewa Talata da Laraba na makon ƙarshe ba ki nan. Ki sami mataimaki ya zauna kusa da ke daga gobe, ya iya littafin kamar ke. Duk daren da aka canza wani abu ki ɗauki hoton shafin ki tura a gurup ɗinku na WhatsApp, littafi ɗaya tak a jakar mutum ɗaya hatsari ne. Janaral ku kai shi daren Jumma'a.

Sannan maganar komawa gida. Rejisar ke fara zuwa, ita ke tafiya ƙarshe. Ƴan wasa za su yi hoto su watse, ke kina naɗe waya ƙarfe goma sha biyun dare, fitilun ma sai sun huce kafin a taɓa su. Taksin da zai haye kogi da ke zuwa Harobanda a wannan lokacin sai an yi sa'a, kuma kuɗin ba na rana ba ne. Ki sa kuɗin motarki da na dakon kaya cikin lissafi tun farko, a rubuce, kuma ki rubuta sunayen mutum huɗu da ba za su tafi ba sai an loda komai. Ni jika takwas na kashe daga aljihuna tsakanin kasuwar Katako da wurin wasa, katako da ƙusa da ɗan tura, har yau ana "za a duba".

Na-Tsibiri
Zali, "za a duba" ai shi ne sunan ma'ajin kowace ƙungiya.

Rabi
Na dawo jama'a, an yi wasa jiya. Yaya ya zaɓi hula da kansa, har ya ce dama shi ma abin da yake tunani ke nan, na ce haka ne yaya. Mai tsara wasa ya yi sanarwar gaban kowa, da ƙyar, yana kallon ƙasa. Yaya Sani ya zo da kansa ran Jumma'a da ralonj biyu, muka gano priz uku na farfajiyar duk layi ɗaya ne, sai da muka jawo daga wani ɗaki.

Amma ku ji. Ana tsakiyar tablon faɗan, zafi ya ishi Alhaji, gumi na shiga masa ido, sai ya cire hular ya share goshi. Yaron fitila ya kai hannu. Ban san sanda na damƙe wuyan hannunsa ba. Ban ba shi shiri ba tukuna, kuma hular ba ta taɓa gwiwa ba. Alhaji ya mayar da hularsa ya ci gaba da lissafin cefane. Da ya kai minti uku na taɓa kafaɗar ɗan yaronmu, ya ruga ya ce ana sallama. Yaya ya harare shi, ya cire hula, ya buga a gwiwa, na ce top. Wuta ba ta ɗauke ba, gurup ɗin da muka biya ya kwana yana hutawa. Jarrabawar kuma sai sakamako ya fito.

Mubarak
Kun gani? Hannu ma yana yawo. Shirin da ke cikin littafi ne ya cece ta.

Malam Idi
Gwiwar ce ta cece ta, ɗana. Ni hula da gwiwa na ce.

Tanti Hadiza
Ku dai ba za ku gama ba. Rabi, butar fa?

Rabi
Na ɓoye ta cikin jakata Tanti, har na manta inda na sa. Sai da aka aro ta mai gadi, shuɗiya, alhali a tablo na farko ja ce.

Sani mai lantarki
Barka ƙanwata. Ralonj ɗaya ne ya dawo mini, mai baƙar taya yana wurin wa?